Tyrrell mai taya shida: abin da na tarar a cikin kwalin 1977

Kafin in ɗaga murfin kwalin sai da na juya shi gefe na nemi adireshin kamfanin, domin a nan ake fara gane ko mai sayarwa ya faɗi gaskiya. Da ƙananan haruffa an rubuta 628 Oshika, Shizuoka. Nan take hankalina ya ɗan kwanta. A 1980 ne kamfanin Tamiya na Japan, mai ƙera ƙananan samfuran motoci da ake haɗawa da hannu, ya tare a sabon mazauninsa na Ondawara, shi ya sa masu tara irin waɗannan kaya suke ɗaukar tsohon adireshin a matsayin shaidar cewa kwali na farko-farko ne. Ga zanen motar shuɗiya a kan farin fili, ga taurarin nan biyu na kamfanin a kusurwa, ɗaya cikin ja ɗaya cikin shuɗi. Kusurwa ɗaya ta lotse, farin takardar kuma ya koma ruwan ƙwai, amma ba tabon ruwa, ba cin gara.

Abin da ke ciki Tyrrell P34 ce, motar tseren Formula 1 mai taya shida, a ma'aunin 1/12, wato komai na jikinta an rage shi ya koma ɗaya bisa 12 na ainihin girmansa. Ita ce ta 21 a jerin manyan samfuran da Tamiya ya fara a 1967 da Honda RA273, kuma ta fito kasuwa a 1977, lokacin da motar gaskiyar take kan titin tsere. Ba abin wasan yara ba ce da za a ciro a tura a ƙasa. Sassa ne rututu maƙale a jikin rassan filastik, sai ka yanke su ɗaya bayan ɗaya, ka goge, ka yi musu fenti, ka liƙa. Idan an gama tsawonta ya haura santimita 30, ta cika tafin hannu biyu.

Na daɗe ina neman wannan bugun na farko, kuma dalilin yana jikin motar ne. Derek Gardner, mai zana wa ƙungiyar Ken Tyrrell motoci, ya duba ya ga kusan kowa inji ɗaya yake amfani da shi, wato Ford Cosworth DFV, saboda haka ba ta wajen ƙarfin inji za a fi wani ba. Sai ya koma kan tayoyin gaba. Manyan tayoyi suna tsaye cikin iska tsirara, suna tare ta, suna kuma ɗaga gaban mota. Dokar lokacin ta ƙayyade faɗin fiffiken gaba, wato farantin da ke hancin mota wanda iska ke danna shi ƙasa, a mita 1.5. Gardner ya ce to a yi tayoyi ƙanana masu rim inci 10 da za su ɓuya a bayan fiffiken. Ƙaramar taya kuwa ba ta kama ƙasa kamar babba, don haka ya ninka su, huɗu a gaba, biyu manya a baya. Da aka yaye mata mayafi a Landan cikin Satumban 1975, da yawa sun zaci dabarar talla ce kawai. Ta fara tsere a Jarama ta ƙasar Sifaniya a 1976 a hannun Patrick Depailler, sannan ranar 13 ga Yunin shekarar, a Anderstorp ta ƙasar Suwidin, Jody Scheckter ya zo na ɗaya da ita, Depailler na biyu. Har yau ita kaɗai ce mota mai taya shida da ta taɓa cin tseren Formula 1. Shi Scheckter bai taɓa ɓoye cewa ba ya son motar ba, ƙarshen shekara ya kama gabansa, Ronnie Peterson ya maye gurbinsa. A 1977 ƙananan tayoyin ba su sami ci gaban da manyan suka samu ba, motar ta ƙara nauyi, ta rage kuzari, aka jingine ta. Shekara biyu kacal ta yi.

Wanda ya sayar mini ya ce cikakkiya ce, ba a taɓa ta ba. Ina buɗewa na ga ba haka ba ne. Ledoji biyu an farke su, kuma wani, ko shekara nawa da suka wuce, ya fara aiki ya watsar. Ya yanke sassan inji shida, ya liƙa ɓarin jikin injin guda biyu da irin gam ɗin nan na cikin tuf mai kauri, ya zuba da yawa har ya tsattsafo ta gefe ya bushe ya zama kamar ƙaro. A kan ɓari ɗaya har zanen yatsansa ya fito raɗau. Na zauna ina kallon wannan yatsa, haushi na cina, amma kuma ina tunanin ko yaro ne da aka yi wa kyautar abin da ya fi ƙarfinsa. Na rubuta wa mai sayarwar, ya ce shi ma gadonta ya yi, bai san komai a kai ba. Na bar maganar.

Sai na shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, na buɗe littafin bayani a shafin da aka zana kowane reshe da lambobin sassansa, na shiga ƙirga. Wannan shi ne aikin farko ga duk wanda tsohon kwali ya shigo hannunsa, kuma ba a yin sa da gaggawa. Ya ci mini maraice guda. Cikin ƙahonin shan iska takwas da ke zama a saman injin, bakwai na samu. Na girgiza ledoji, na duba ƙasa, babu. Sai da na karkata gindin kwalin na ji wani abu ya yi ƙaras, ashe ya shige ƙarƙashin naɗin kwalin ya maƙale. Madubin gefe ɗaya kam ya ɓata ɓat. Wannan bai dame ni ba, ƙaramin abu ne da za a iya sassaƙawa daga guntun reshe. Da ɗaya daga cikin sandunan sitiyari ne ya ɓace, da labari ya sha bamban.

Filastik ɗin kansa ya ba ni mamaki. Shekara kusan 50, amma shuɗin jikin bai kwaɗe ba, kuma zanen da ke kan sassan yana nan da kaifinsa: kawunan notuna, haƙarƙarin jikin giya, layukan ƙusoshin da ke riƙe da farantan alminiyom na gangar motar. Wannan ce fa'ida ɗaya ta gaskiya da bugun farko yake da ita. Ƙarfen da ake zuba narkakken filastik a ciki yana cinyewa a hankali yayin da ake ta bugawa, sassan da suka fito yana sabo sun fi tsabta, ba su da rarar nan mai kama da fatar albasa a gefuna. Na haska rassan da fitila ina neman irin wannan rara, da ƙyar na sami wuri biyu. Sai dai tsufa ba ya ƙarya. Filastik ɗin ya ƙara tauri, ya rage juriya. Sandar farko siririya da na yanka da filaya kusa da jikinta, ji na yi ƙas, ta rabe biyu. Laifina ne. Daga nan na koma yanka nesa da sashen, in bar ɗan tsini, sannan in bi shi da aska da samfefa mai laushi. Babu wadda ta sake karyewa.

Babbar ɓarnar tana kan murfin kujerar direba. A cikin kayan akwai baƙin tiyo siriri mai laushi da ake yin bututun mai da na ruwa da shi. Irin wannan tiyo ana cakuɗa shi da wani sinadari mai sa laushi, kuma idan ya daɗe kwance a jikin filastik mai tauri, sinadarin yakan ratsa ya narkar da wurin. Da ledar tana rufe da ba su haɗu ba. Da yake an farke ta, tiyon ya kwanta a kan murfin shekara da shekaru, ya bar masa tabo kamar sawun maciji, tsawon ɗan yatsa, a daidai inda ido ke fara sauka. Na cike shi da foti, wato ƙullun da ake toshe rami da shi, na goge, na sake cikewa, sau uku, kafin ya daina nunawa a ƙarƙashin fentin share fage. Ga mai haɗawa wannan aikin kwana biyu ne. Ga mai ajiya kuwa, wanda ke son kaya yadda suka fito daga masana'anta, darajar kwalin ta riga ta faɗi.

Tayoyin shida sun fi abin da na yi tsammani. Manyan na baya suna nan da laushinsu, rubutun Goodyear a jikinsu ya fito sarai. Cikin ƙananan huɗu, ɗaya ta bushe ta ɗan tsage ta ciki, sai na sa ta a layi na biyu, tsagar tana kallon ƙasa. Rim ɗin gaba kuwa abin dariya ne don ƙanƙanta, inci 10 idan aka raba 12 wajen milimita 21 ne kawai, ɗan yatsa ya rufe shi. Sai ka jera su kusa da na baya za ka gane dalilin da ya sa aka huda wa motar gaskiyar ƙananan tagogi a gefen kujera: direba ba ya hango tayoyinsa na gaba, ga shi kuma dole ya san inda yake ɗora su a kwana, ya kuma ga yadda suke cinyewa.

Sitika ce ta kusa sa ni kuka. Irin ta ruwa ce, wadda ake tsomawa ta saki takardar a zame ta zuwa jikin mota. Farar kalmar elf, sunan kamfanin man da ke ɗaukar nauyin ƙungiyar, da lambobin 3 da 4, na Scheckter da na Depailler, duk sun koma kalar tsohon haƙori. Na sa takardar cikin leda mai rufewa na manna ta jikin gilashin taga tana kallon rana, dabarar da masu wannan aiki suka daɗe suna yi. Bayan mako biyu rawayar ta ragu ƙwarai. Amma rana ba ta ɗinke tsaga. Na yanko wata 'yar ƙaramar alama da ba zan yi amfani da ita ba na gwada ta a ruwan ɗumi, ina kallo ta tarwatse kamar busasshen ganye. Na shafa wa sauran ruwan nan mai zama fata idan ya bushe, hannu biyu, ya riƙe manyan. Dogayen layukan rawaya da ke bin gefen motar kuwa ba su cetu ba, suka yi ta gutsirewa a kan burushi. Ƙarshenta na rufe gefuna da tef na fesa su da fenti, kuma in faɗi gaskiya sun fi kyau a haka. Duk wanda zai sayi kwali mai waɗannan shekaru ya ɗauka kawai cewa sitikar ta mutu. In ta rayu, riba ce.

Daɗin kayan yana cikin injin. DFV inji ne mai silinda takwas a jere biyu kamar harafin V, lita 3, wanda Keith Duckworth ya zana, ya ci tserensa na farko a Zandvoort ta ƙasar Holan a 1967 cikin Lotus 49 ta Jim Clark, ya ci gaba da ci har sau 155. A mota irin wannan ba ɗora inji ake yi a kan firam ba, shi kansa ɓangare ne na ƙashin bayan motar: ana ɗaure shi a bayan gangar, a ɗaure giya a bayansa, ƙafafun baya su rataya a jikinsu. Samfurin ya bi wannan tsari sak, har ya zamana in ka liƙa injin a karkace, tayoyin baya ma a karkace za su tsaya. Da yake wancan bawan Allah ya riga ya liƙa ɓari biyun ba daidai ba, sai da na bi layin da siririn zarto na raba su, na kankare tsohon gam, na sake haɗawa da gam mai ruwa-ruwa wanda ke narkar da fuskokin biyu su zama ɗaya. Zanen yatsan ya tafi tare da gam ɗin. Na ɗan ji wani iri.

Daga nan sai wayoyin fulogi takwas, da bututun mai takwas masu zuwa gindin ƙahonin, da salansa guda takwas da ke murɗewa su haɗe huɗu-huɗu. Salansar ta gwada haƙurina. Kowace tana da lanƙwasarta, in ka musanya biyu ba za ka gane ba sai ka zo ta ƙarshe ta ƙi shiga. Na koyi in jera su ba gam, in tabbatar duk sun zauna, sannan in ɗiga. Sassan da aka yi wa rufi mai ƙyalli, wanda shi ne yayin wancan zamani a kusan duk irin waɗannan kaya, ni ba na son walƙiyarsu, domin ƙarfen motar tsere ba ya sheƙi kamar cokali. Na jiƙa su cikin ruwan bilic, rufin ya narke, na yi musu fentin alminiyom mai dishi-dishi. Wanda ke son ya bar ƙyallin ya tuna ya kankare wurin liƙi, don gam ba ya kama rufin.

Amma gaban motar shi ne dalilin sayen. Kowace taya cikin huɗun tana da nata faifan birki, da nata hannuwa na sama da na ƙasa, da nata shokozoba mai sifirin na ƙarfe na gaske da ke lotsawa in ka danna. Sifirin biyu sun yi tsatsa kaɗan, na goge su da ɗan mai suka dawo. Sitiyari yana juya tayoyin layin farko, wasu sanduna kuma suna kai motsin zuwa layi na biyu. Na sha karanta yadda abin yake aiki, na sha kallon hotuna, ban taɓa fahimtarsa ba sai da na riƙe sandunan da hantsaki ina saƙa su. Ranar da na gama na murɗa ɗan sitiyarin da yatsa biyu, tayoyi huɗu suka karkata tare, na fi minti goma ina juyawa hagu da dama kamar wanda bai da aikin yi. A nan ne kuma na gane wahalar da makanikan Tyrrell suka sha. Ni da nake kan tebur, sai da na warware na sake ɗaurawa sau biyu kafin tayoyi shida su taɓa ƙasa lokaci guda, kullum sai ɗaya ta rataye. Su kuwa a kan titi, in layi ɗaya ya riga ɗaya kullewa wajen taka birki, motar sai ta canja hali a hannun direba. Na ɗora ta a kan gilashi, na zura siririyar takarda ƙarƙashin kowace taya, har sai da duka shida suka riƙe takardar.

Littafin bayanin ma abin ajiyewa ne. Zanen hannu ne, kowane mataki a sarari, ba inda na tsaya ina canke. Ba abin mamaki ba ne, kamfanin da ya fara da sana'ar katako a 1946 ya yi suna wajen zuwa ya auna mota ta gaske kafin ya sassaƙa ƙarfen zubi, kuma har yau akwai P34 ta ainihi a ajiye a hedikwatarsa da ke Shizuoka.

To, ta cancanci nema? A nan zan ɓata wa masu son tsohon kaya rai. An sake fitar da wannan samfuri daga baya, har da bugun da aka ƙara wa siraran sassan ƙarfe, da sabuwar sitika mai kama jiki, da tayoyin da ba su sha shekaru ba. Motar ɗaya ce, sassan filastik ɗin su ne dai. Wanda burinsa ya haɗa P34 mai kyau ya ɗora a kan kabad, ya nemi sabon bugu, zai huta da rabin wahalar da na sha, kuma abin da zai fito masa ba zai gaza nawa ba, wataƙila ma ya fi. Abin da ake biya a tsohon bugu shi ne kwalin, da adireshin Oshika, da takardun, da ledojin da ba a farke ba. Ƙarancin a jikin takarda yake. Saboda haka wanda zai saya don ajiya, kada ya yarda da kalmar cikakkiya. Ya nemi hoton gefen kwali, da hoton kowace leda ta inda aka liƙe bakinta, da takardar sitika a cikin haske, ya kuma tambayi inda tiyon da tayoyin suke kwance. In mai sayarwa ya fara kame-kame, amsar ke nan. Wanda kuma bai taɓa haɗa irin wannan ba, kada ya fara da ita ko da sabuwa ce. Akwai P34 ƙarama a ma'aunin 1/20, wadda ita ma ta fito a 1977 ta buɗe nata jerin, ta fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Da a ce na same ta a rufe ruf, ban san ko zan iya sa mata aska ba. Na san kaina, da ta hau saman kabad ta ƙara wasu shekarun, ina sauko da ita lokaci-lokaci ina kallo. Wanda ya farke ledojin nan ya ɓata mini kaya, ya kuma sauke mini wannan nauyi, tunda abin da aka riga aka fara ba shi da sauran amfani sai a ƙarasa shi. Wata huɗu na yi a kanta, yawanci da dare.

Lamba 4 na sa mata, ta Depailler. Scheckter ne ya ci tseren, amma Depailler ne ya yarda da motar tun daga gwajin farko, shi ya zo na biyu da ita cikin ruwan sama a tseren Fuji na ƙasar Japan a ƙarshen 1976, shi ya zauna da ita har ranar da aka jingine ta. Ban liƙa murfin kujerar ba, na bar shi a gefe don a riƙa ganin sandunan sitiyarin. Madubin da na sassaƙa ya ɗan fi ɗan'uwansa kauri, kuma in hasken yamma ya bugi murfin ta gefen hagu, sawun tiyon yana nan yana ɗan leƙowa ta ƙarƙashin shuɗin.